Yadda ake zanen fenti marar siffa don sauke abin da ya tokare zuciya

A garuruwanmu an horar da mu a kan haɗiye magana. Yaro na tasowa ana gaya masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da aka yi wa kishiya a ce ta yi kara, wanda ambaliya ta cinye wa gona a ce ya yi haƙuri, wanda ya gama karatu ya dawo gida ba aiki a ce lokaci ne. Haƙuri abu ne mai daraja, ban zo in rushe shi ba. Sai dai abin da aka haɗiye ba ɓacewa yake ba. Yana nan ya tsaya a ƙirji, ya hana barci, wata rana ya fito a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa nake son in nuna hanyar da hannu zai faɗi abin da baki ya kasa, ba tare da an tona asirin kowa ba: mutum ya ɗauki fenti ya shafa a kan allo yana bin abin da ransa ya ba shi, ba ya ƙoƙarin fitar da siffar komai.

Mutane biyu nake ji suna ja da baya tun daga nan. Na farko mai cewa bai iya zane ba. Wannan aikin ba ya neman iya zane, ba fuska za ka fitar ba, ba doki ba, launi ne da layi da motsin hannu. Na biyu mai tsoron hukuncin zana abu mai rai. Shi ma hankalinsa ya kwanta, domin babu mai rai a ciki. Ya zo a hadisi cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Kuma mu ba baƙin irin wannan ado ba ne. Dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, dubi aska takwas a gaban babbar riga, da dagin da magina ke fitarwa a fuskar soro, da zanen ƙwarya, da launukan da mata ke jerawa a faifai. Duk ba siffar wani abu ba ne, amma ido na gani zuciya ta amsa. Bambancin kawai shi ne waɗancan suna da ƙa'idar da aka gada, wannan kuwa ƙa'idarsa na fitowa ne a lokacin da kake yi. A Turai ma ba da daɗewa aka fara ɗaukar irin wannan zane da muhimmanci ba: wata mata 'yar Suwidin, Hilma af Klint, ta fara nata a 1906, Kandinsky ɗan Rasha ya biyo baya wajen 1911.

Kayan da za ka tara

Fentin da ya dace shi ne akirilik. Garin launi ne aka cuɗa shi da wani ruwan roba mai danƙo. Yana jiƙe ruwa na wanke shi, da ya bushe kuwa ya zama roba, ruwa ba ya ɗaga shi. An fara sayar da irin na ruwan nan a Amurka a tsakiyar shekarun 1950. Abin da ya sa ya fi kowane fenti dacewa da wannan aiki shi ne saurin bushewa. Shafi marar kauri kan bushe cikin minti 10 zuwa 20, a hunturu ma bai kai haka ba, sai ka ɗora wani a kansa. Wanda zuciyarsa ke tafasa ba zai iya jiran fentin da ke ɗaukar kwanaki ba.

Launi biyar sun ishe ka: fari, baƙi, ja, ruwan ɗorawa da shuɗi. Farin ka sayi babba, shi ke fara ƙarewa. Ja da ɗorawa su ba ka ruwan goro, shuɗi da ɗorawa su ba ka kore, ja da shuɗi su ba ka shunayya, ja da fari ruwan hoda. A kasuwannin ƙauye da wuya ka same shi, sai an shiga Kano, shagunan kayan makaranta da na masu zane a Sabon Gari. In saƙo za ka bayar ta hannun direba, tura masa hoton a waya, don kada a kawo maka kalar 'yan makaranta ta cikin ƙananan kwalabe. Ita waccan ko ta bushe, ruwa na taɓa ta take narkewa, kana ɗora sabon shafi na ƙasa ya taso su dagule.

In aljihu bai kai ba, kada wannan ya tsayar da kai. Fentin bango na ruwa, wanda ake kira emalshan, ɗan'uwan akirilik ne, launinsa ne dai bai kai shi kaifi ba. Je wurin mai fentin gidaje a garinku ka roƙi ragowar gindin bokiti. Jackson Pollock, mai zanen da ake ji da shi a Amurka, daga 1947 a ƙasa yake shimfiɗa yadinsa cikin wata tsohuwar rumfar ajiya, yana ɗiga fentin gida da sanda. Abin da za ka guje wa shi ne fentin mai, na ƙofofi da jikin manyan motoci. Ba ya haɗuwa da ruwa, sai kananzir, warinsa kuma ba na ɗaki ba ne.

Abin shafawa: buroshi mai faɗi irin na masu fenti, inci ɗaya da inci biyu, da ƙarami guda ɗaya. Sauran duk suna gida. Soson wanka, tsohon katin banki ko wani ɗan roba mai tauri, mataji da ya karye, tsohon buroshin haƙori, guntun kara, tsinken tsintsiya, gashin kaza, murfin kwalba, ragar buhun albasa, da gawayi daga murhu. Sai gwangwani biyu na ruwa, tsumma, da tsohon faranti da an riga an yafe shi, wanda ba za a sake cin abinci a ciki ba.

Shirya allon

Za ka iya yi a kan kwali mai kauri, ko guntun filawud ko silin daga wurin kafinta, ko yadin akoko da aka ɗaure a jikin katako. Ga mai farawa na fi son kwali, don ba ka jin tsoron ɓata shi, kuma tsoron ɓarna shi ne babban abin da ke ɗaure hannu. Kada ya gaza kamu ɗaya tsawo da faɗi. Ƙaramin fili yatsu kawai yake motsawa, babba kuwa har kafaɗa yake sa wa aiki, abin da ke ƙirji kuma ta kafaɗa yake fita.

Kwali da katako da akoko duk suna shan fenti, launi ya dushe. Don haka sai an yi musu shimfiɗa. Ɗebi farin emalshan kashi uku, farin gam ɗin kafinta irin Top Bond kashi ɗaya, ka zuba ruwa kaɗan kaɗan kana juyawa har ya yi kaurin koko. Shafa daga hagu zuwa dama, ka bari ya bushe, ka sake shafawa daga sama zuwa ƙasa. In kwali ne ka shafa bayansa ma sau ɗaya, in ba haka ba zai lanƙwashe ta ɓangaren da ya jiƙe. Ka shirya uku ko huɗu a zama ɗaya ka jingine. Ranar da abin ya taso maka ba ranar dama gam ba ce.

Wuri da lokaci

Nemi wuri mai hasken rana amma ba cikin rana ba: bakin ƙofar ɗaki, zaure, ko ƙarƙashin rumfa. Fitilar sola tana canza launi, abin da ka gani da dare ba shi za ka tarar da safe ba. Shimfiɗa buhu a ƙasa, ka sa tsofaffin kaya, domin akirilik in ya bushe a tufa ya zauna ke nan.

Yanayinmu na da ruwa da tsaki a aikin nan. Da hunturu iska a bushe take, fenti na iya yin fata a faranti kafin ka juya, ƙura kuma na manne wa allo. Yi aikin a ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna don ƙura ta kwanta. Huda murfin robar ruwa da allura wuri uku ko huɗu, ka riƙa fesa wa faranti da allon jefi-jefi. Kada ka matso fenti da yawa lokaci guda, in kuma za ka tashi, ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefen farantin ka kife kwano a kai. Da bazara sai da hantsi ko bayan la'asar. Da damina bushewa na jinkiri, kwali kuma na shan danshi, ka ɗora shi a kan bulo.

Ga wani abu da ba na so a manta. Tunda akirilik roba yake zama, in ya bushe a hannu ko a farce yana hana ruwan alwala isa fata. Kafin ka fara, shafa man kaɗanya ko basilin a hannu, zai sa ya saɓule cikin sauƙi. Kuma ka tsayar da aiki da sauran lokaci kafin kiran salla, ka wanke da sabulu da soso, ka duba gefen farce da tsakanin yatsu. Tsakanin hantsi da azahar ya fi yalwa. Ke kuma 'yar'uwa, in sai yara sun tafi Islamiyya kike samun kanki, wannan sa'ar ta isa.

Zama kafin taɓa fenti

Ajiye waya nesa. Yi bisimilla, ka zauna gaban allon ba ka yin komai na ɗan lokaci. Kada ka tambayi kanka me zan zana. Tambayi jikinka: ina abin yake? A ƙirji ne, ko a maƙogwaro, ko ya ɗaure ciki, ko ya danne kafaɗu? Nauyi ne ko zafi? Yana motsi ko a tsaye yake cak? Ba dole ne ka samo masa suna ba. Sau da yawa ba abu ɗaya ba ne, fushi ne da kewa da kunya suka cakuɗe, baki ba zai iya raba su ba.

Sai ka miƙa hannu ka ɗauki launi biyu ko uku, waɗanda hannun ya fara kaiwa gare su, ka haɗa da fari. Za ka ji ana cewa ja na fushi ne, shuɗi na natsuwa, baƙi na baƙin ciki. Ni ban yarda a mayar da wannan doka ba. Ga wata, ja shi ne lallen ranar aurenta. Ga wanda bai daɗe da dawowa daga maƙabarta ba, fari ba launin farin ciki ba ne. Shuɗi a wurin ɗan marina launin gidansu ne da hannun mahaifinsa. Abin da launin yake a wurinka shi ne gaskiya.

Shafin farko

Fara da gawayi. Farin allo yana da kwarjini, sai an karya shi. Rubuta abin da ke damunka a kai, da boko ko da ajami, da manyan baƙaƙe, kalma a kan kalma har ya ƙi karantuwa. Babu mai gani, fenti zai binne shi. Abu ɗaya: kada ka rubuta aya ko sunan Allah, tunda za a shafe, kuma allon na iya ƙarewa a ƙasa. In rubutu bai zo ba, ja layuka kawai. Tsaya da ƙafafunka, ka ja daga kafaɗa, da ƙarfi in ƙarfi ne ya zo, a hankali in sanyi ne. Gwada rufe ido, ko ka koma hannun da ba ka saba da shi ba, don shi bai san gwaninta ba. Kaɗe garin gawayin da tsumma, wanda ya rage zai shiga fenti ya ba shi ɗan duhu, ba laifi.

Yanzu tsarma launi ɗaya da ruwa ya yi tsululu, amma kada ruwan ya rinjayi fentin ƙwarai, in ya yi yawa danƙon na raunana. Shafa da babban buroshi ko soso, da sauri, ba sai ka rufe ko'ina ba. Zuba launi na biyu a wani gefe tun na farkon bai bushe ba, ka ɗaga allon ka karkata shi. Tsaya ka kalli abin da ke faruwa a nan, don yana daga cikin daɗin aikin: shuɗin zai gangaro a siririn layi, ya tarar da ɗorawa, a inda suka haɗu kore ya ɓullo da kansa, gefensa ya yi reshe-reshe yana cin farin da ke kusa, wani ɗigon ya tsere har bakin allo ya tsaya ya yi ƙwallo. Ba kai ka tsara wannan ba, kuma shi ne darasin farko, ka bar wani abu ya faru ba da izininka ba.

Ajiye shi ya bushe. Za ka lura launin ya ɗan ƙara duhu. Haka akirilik yake: ruwan robar fari-fari ne yana jiƙe, in ya bushe sai ya washe, launin ya fito da ainihin ƙarfinsa.

Shafi a kan shafi

A nan aikin yake. Yanzu fenti mai kauri, yadda ya fito, ba ruwa. Ɗiga shi a allon kai tsaye ka ja da kati, zai bar wani wuri a rufe, wani wuri na ƙasa na leƙowa. Tun yana jiƙe, karce shi da mataji ko tsinke, launin ƙasa ya fito ta cikin karcen. Dangwala murfin kwalba ka buga da'ira. Ɗora ragar buhun albasa ka danna soso a kai ka ɗaga. Tsoma buroshin haƙori ka ja gashinsa da yatsa ya yi feshi. In kana son gurzar da hannu zai ji, tankaɗe yashi ka cuɗa kaɗan a fenti da ɗigon gam. Jar ƙasa da aka tankaɗe aka dama da gam da ruwa tana ba da launin da babu shi a shago, kuma akwai wani abu a ran mutum in ya san ƙasar gonarsu ce a jikin allon. Dusa da ƙaiƙayi kuwa ka bar su, gayyatar gara ne.

Duk wannan dabaru ne, kada su ɗauke maka hankali daga abin da ya kawo ka. Bayan kowane ɗan lokaci koma ga jikin: abin nan na ƙirji, yanzu me yake so hannu ya yi? Wani lokaci duka yake so, sai ka buga buroshi da ƙarfi har fenti ya fantsama. Wani lokaci so yake a yi ta maimaita ɗigo ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har numfashi ya daidaita. Wani lokaci so yake a shafe komai da baƙi. Shafe. Abin da ke ƙasa bai tafi a banza ba, tudunsa da karcensa za su nuna ta cikin na sama, su ne ke ba zanen zurfi.

Matsalar da kowa ke haɗuwa da ita ita ce launi ya dagule ya koma ruwan ƙasa marar rai. Dalilin a fili yake: ja da ɗorawa da shuɗi in suka haɗu su uku suna jiƙe, kashe juna suke yi. Haka ja da kore, haka shuɗi da ruwan goro, haka ɗorawa da shunayya. Maganin shi ne ka bar shafi ya bushe kafin ka kawo abokin gabarsa, ka wanke buroshi a gwangwanin farko, ka ɗauraye a na biyu, ka goge a tsumma. Wannan ne amfanin ajiye allo biyu a gabanka, kana jiran ɗaya kana taɓa ɗaya. Baƙi kuma a yi hattara da shi, ɗigo kaɗan ke cinye launi.

Lokacin da zai yi muni

Zai yi. A tsakiyar aiki akwai inda za ka kalli allon ka ji ka ɓata fenti da lokaci, ka ji kamar ka yage shi. Kusan kowane zane sai ya bi ta wannan wuri, kuma a ganina nan ne aikin ke fara amfani, domin muryar da ke ce maka ba ka iya komai ba ita ce dai wadda ke damunka a sauran al'amura, ga ta yau ta fito fili. Kada ka yi gardama da ita, kada kuma ka bi ta. Jingine allon a bango, ka ja da baya taku biyar ko shida. Juya shi kai a ƙasa. Juya shi ta gefe. Ta ɗaya daga cikin fuskoki huɗun nan zai yi maka magana dabam.

Nemi wuri ɗaya da idonka ke komawa, ko da bai fi tafin hannu ba. Bar shi. Ɗauki fari da aka ɗan surka da wani launi, ka rufe manyan wuraren da suka cika hayaniya, kana barin tagogi inda na ƙasa ke da kyau. Mafi yawan zanen masu farawa cunkoso ke kashe shi, ko'ina magana, ba inda ido zai huta.

Sai ka kanne ido ka duba haske da duhu. In duk allon matsakaici ne, ba wuri mai haske sosai ba mai duhu sosai, zai yi lami ko launukan sun kai goma. Ɗauki hotonsa a waya ka mayar da shi fari da baƙi, nan take za ka gani. Ƙara duhu a wuri ɗaya, haske kusa da shi. Ka sa babba kusa da ƙarami, mai santsi kusa da mai gurza. Tambayar da za ka riƙa yi ba ya yi kyau ba ce, me yake nema ce.

In hawaye suka zo, bar su, ba wanda ya gani. Amma in ka ji abin ya fi ƙarfinka, zuciya na bugawa, wani tsohon tashin hankali ya dawo sabo, ajiye buroshi. Wanke hannu, sha ruwa, fita tsakar gida cikin mutane. Allon zai jira.

Tsayawa

Babu mai gaya maka an gama sai jikinka. Alamar ita ce numfashi ya sauka, kafaɗu sun saki, hannu ya koma 'yan gyare-gyare marasa dalili. Da ka ga haka, tsaya. Bar shi ya kwana, ka dube shi da safe. In yana neman ƙari ka ƙara, in shiru ya yi to ya ƙare.

Wanke buroshi nan take da sabulu har gindin gashin, ka kwantar da shi ya bushe. In ka bar shi tsaye a gwangwani gashin zai tanƙware, in fenti ya bushe a ciki kuma ya mutu, sai dai ya koma abin karce. Ruwan wankin kada a watsa shi inda kaji da awaki ke sha, ko kusa da rijiya. Bar shi ya kwanta, ka zuba a rami can gefe ka rufe. Wasu launukan, musamman wasu ja da ɗorawa masu tsada, akwai sinadarin kadmiyom a cikinsu, don haka ba a sa buroshi a baki, kuma fenti a ajiye shi inda hannun yara ba ya kai.

Nuna wa mutane, ko ƙin nunawa

Ba wajibi ba ne kowa ya gani. Wanda ka ga dama ka nuna, wanda ka ga dama ka kife. In an gani kuwa tambayar farko ita ce hoton mene ne. Gwaggota ta taɓa shigowa ta tarar da ɗaya a jingine, ta tsaya ta ce, "Kai ɗan nan, wannan kuma hoton mene ne?" Na ce, "Gwaggo, ba hoton komai ba ne, abin da ke raina ne na sauke." Ta matso ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a kusurwar da baƙi ya taru ya yi kauri, ta ce, "To nan wurin, Allah ya yaye." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, ni ma ban yi ba. Ka ba da amsa gajera irin wannan, mai hankali zai gane, wanda bai gane ba kuma ba ya bin ka bashin fassara.

Ana iya yi a taru, matan gida ɗaya ko abokai a zaure, a haɗa kuɗin fenti a raba. Sharaɗi biyu ne sai an kiyaye su, in ba haka ba taron ya zama gasa: ba mai cewa na wane ya fi kyau, ba kuma mai matsa wa wani ya faɗi ma'anar nasa.

Dole in faɗi iyakar wannan aiki. Yana rage nauyi, yana ba mutum sa'a guda da yake shi kaɗai da ransa, amma ba ya maye gurbin addu'a, ko zama da wanda ka amince wa, ko likita. In baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne. Mai jego da ta shiga irin wannan hali a kula da ita musamman. A fara da asibiti mafi kusa, za su tura mutum gaba. Akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ajiya

Juya bayan allon ka rubuta kwanan wata da layi ɗaya a kan halin da kake ciki ranar. Akirilik na yin laushi da zafi, a ɗakin kwano da bazara fuskarsa kan yi ɗan danƙo, saboda haka kada ka haɗa zane biyu fuska da fuska, za su manne, wajen rabawa su ɓantare. Jingine su a tsaye a kan bulo, fuskar kowanne na kallon bayan na gabansa, ka yafa tsohon mayafi saboda ƙura. Wanda kake son ratayewa, bar shi kwana uku ko huɗu ya bushe har ciki, sannan ka shafa masa banish na ruwa da ake sayarwa tare da fentin. Na kafinta yana sa launi ya koma ɗorawa-ɗorawa da daɗewa.

In alluna suka taru kuma sabon kwali ya yi wuya, ɗauki waɗanda ba ka damu da su ba ka shafe da haɗin emalshan da gam ka sake yi a kai, tudun tsohon zanen ma taimako ne. Sai dai a kowane wata ka ware ɗaya da ba za ka taɓa ba. Bayan wata shida ka fito da su ka jera a bango bisa kwanan watan da ke bayansu, ka zauna ka duba daga na farko zuwa na ƙarshe.